Sandar Inna Baraka

Ranar da aka kai Inna Baraka asibiti a Talata Mafara, da ƙafafunta ta shiga. A riƙe wannan da kyau, domin nan gaba za a samu masu rantsuwa cewa tun daga ƙauyenta Damri a gurgunce aka ɗauko ta. Gaskiya ne tana dogara sanda, tana tafe tana cije leɓe, gwiwoyin nan sun kumbura sun yi suntum. Amma ba wanda ya riƙe ta. Ɗanta Zaharaddini gaba ya yi abinsa yana amsa waya, ita kuwa tana biye a baya da 'yar tazara, don shi ne ɗanta na fari, ita kuma mace ce da aka rena da tarbiyyar da. Ba ta jerawa da shi, ba ta kallon tsabar idonsa, ba ta musu da shi, kuma tun ranar da aka raɗa masa suna bakinta bai taɓa kama sunan ba. In magana ta kama dole sai ta ce "wancan", ko ta dubi matarsa Zuhura ta ce "maigidanki", ko da kuwa yana tsaye a wurin.

A sashen gashin ƙashi suka samu Malama Lailatu, wata gajeriyar ma'aikaciya mai saurin dariya. Ta ɗaga hoton gwiwar ta duba, ta durƙusa ta mammatsa, ta sa tsohuwa ta miƙe ƙafa ta naɗe.

Ta ce, "Inna, ba ni yi miki ƙarya. Wanga ciwo ba shi warkewa kwata-kwata. Guringuntsin da ke tsakanin ƙasussan ya zaizaye, shi ya sa kike jin suna goga juna. Amma ƙahwarki ba ta mutu ba, kuma ba ta mutuwa sai in an aje ta. Maganinta motsi."

Inna Baraka ta riƙe haɓa. "Motsi kuma, ɗiyata? Ni da motsin shi ka sa ni hawaye?"

Lailatu ta yi dariya, ta jawo kujera. Ta nuna mata yadda za ta zauna ta tashi, ta sake zama ta sake tashi. Ta nuna mata yadda za ta miƙe ƙafa tana zaune, ta riƙe ta a sama har ta gama salati ɗaya, sannan ta sauke a hankali. Ta nuna mata dafa bango a ɗaga dunduniya. Ta ce da tafiya safe da yamma, a fara da ƙofar gida, in jiki ya saba a kai bakin layi.

"Naman cinya shi ka ɗauke ma gwiwa kaya. In ya yi ƙarhi, ciwon ya ragu. Za ki ji tsami, kada ki ji tsoro. In ya yi zahi ƙwarai ko kumburi ya ƙaru, ki rage ki dawo mu duba, amma kada ki bari." Sai ta juya wajen Zaharaddini. "Alhaji, don Allah kada a tausaya mata tausayin da za shi cuce ta. Duk abin da take iya yi ma kanta, a bar ta ta yi."

Ya ce, "In sha Allahu, Malama." Ya ba ta lambar wayarsa don ta riƙa jin yadda ake ciki. Idonsa dai bai bar kan wayar ba.

Tsohuwa ta kama abin nan da gaske, don ba raguwa ba ce. Da sassafe za ka gan ta a tsakar gidan ɗanta ta dafa bango tana ɗaga dunduniya tana salati, Zuhura na wanke-wanke tana ƙunshe dariya tana cewa Inna ta shiga soja. Inna takan ce, "Yi dariyarki, yarinya, tsuhwa na nan tahe gare ki." Kwanakin farko ta sha tsami har tana tunanin ko Lailatu ta haɗa ta da aiki ne. Amma kafin a gama sussukar gero sai ta lura tana tashi daga tabarma ba tare da ta kira sunan Allah da ƙarfi ba. Ta ɗauki butarta da kanta ta kewaya. Ta kai ƙofar gida, ta kai wajen mai ƙosai, har ta fara zuwa bakin titi ta tsaya ta kalli masu babura ta dawo. A ranta ta riga ta yanke: kafin ruwan shuka ya sauka za ta koma ɗakinta a Damri, ta shiga da ƙafarta yadda ta fito.

To, a lokacin nan Zaharaddini ya fito neman kansila. Mai shagon taki da maganin feshi ne, yana da rufin asiri da farin jini daidai gwargwado, kuma duk mai neman kujera kunnensa ya fi na kowa jin abin da ake faɗa a majalisa. Wata rana da hantsi ya ɗauko wasu manyan mazaɓa a mota, suka biyo ta layin gidansa. Ga Inna Baraka ta jingina da falwaya tana mayar da numfashi, gumi na bin goshinta, sanda a hannu. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Subhanallahi! Alhaji, waccan ba Inna ba ce? Cikin ranar ga?" Kafin la'asar magana ta zaga teburan masu shayi: mutumin da ya bar uwarsa tana jan ƙafa a titi shi yana cikin sanyin mota, shi ne zai riƙe jama'a?

Ya shigo gida ransa a ɓace, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinta.

"Inna, yau kin sa an yi da ni cikin gari. Mi kika rasa cikin gidan ga da za ki hita titi?"

Inna ta juyar da kai wajen bango. Ta ce da Zuhura, "Ki ce ma maigidanki likita tac ce in yi. Gabanshi tac ce."

Ya juya ya fita. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi ya dawo yana turo sabon keken guragu, ko ledarsa ba a gama ɓarewa ba, abokinsa Mamuda na biye da shi. Wannan karon da fara'a ya zo. Ya durƙusa har ƙasa, ya sassauta murya.

"Inna, hankalina bai kwanta ba, sai na ɗauki hoton nan na kai Sakkwato wurin babban likitan ƙashi. Da ya gani salati yay yi. Yac ce yarinyar nan ba ta san aikinta ba. Ƙashi ka cin ƙashi, duk takun da kika yi ƙara cinye shi kike. Yac ce in ba a bari ba, ƙarshenta sai an yanke ƙahwar. Hutu kawai, Inna. Kin yi muna wahala ta isa, yanzu lokacinmu ne."

Inna ta dubi ƙafarta. Yankewa! Amma can ƙasan ranta tambayoyi sun taso mata. Wane irin likita ne zai yanke hukunci bai ga mara lafiya ba? In tafiyar cuta ce, me ya sa take jin sauƙi? Da Taibatu ce, 'yarta da ke aure a Maradun, da ta tsare ta da tambaya har sai ta ji ƙarshen zance. Amma ba a titsiye ɗan fari. Ba a ce masa "ka tabbata?" Kuma wace uwa ce za ta kawo wa ranta cewa ɗan da ta haifa zai durƙusa a gabanta ya shirya mata ƙarya a kan ƙafarta? Ta haɗiye tambayoyinta, ta ce da Zuhura, "Ki ce mishi Allah shi yi albarka."

Ya sunkuya ya ɗauke ta cak, ita tana ta kare fuska da mayafi don kunya, ya ɗora ta a keken. Mamuda ya ɗaga waya ya ɗauki bidiyo. Da Zaharaddini zai fita ya ɗauki sandar da ke jingine a bango ya miƙa wa matarsa, ya ce a kawar da ita kada Inna ta gani ta yi sha'awa. Zuhura ta rasa inda za ta kai ta, ga igiyar shanya ta daɗe tana saɓulowa, sai ta tokare igiyar da ita a tsakiyar gida, daidai inda ake hangowa daga ƙofar ɗakin Inna.

Bidiyon nan ya yi tafiya. Daga Mafara ya kai Bakura, ya kai Maradun, har 'yan ƙauyen Ruwan Gizo da ke ci-rani a kudu sai da suka turo shi gida. Masu cewa ya bar uwarsa a titi suka koma cewa ba a taɓa ɗa irinsa ba. Matasa suka laƙa masa Ɗan Albarka, aka buga a jikin fastocinsa. Daga nan ya zama ƙa'ida: duk Juma'a in an sauko daga masallaci zai shigo da fararen kaya, a kawo ruwan ɗumi a roba, ya naɗe hannun riga ya wanke mata ƙafafu, ya shafa man zafi, Mamuda na zagayawa da waya yana neman inda haske ya fi kyau. Sauran ranakun mako kuwa daga bakin ƙofa yake cewa "Inna, an tashi lahiya?" kafin ta amsa ya kai zaure.

Ita ko ƙafa ba ta san siyasa ba. Abin da aka ba ta shi ta karɓa. Da farko Inna takan sauka daga keken ta dafa bango ta shiga bayan gida, Zuhura na jiranta a waje. Sannu a hankali tashin ya fara gagara, sai an kama ta. Wata safiya ta yunƙura gwiwar ta ƙi ɗaukarta, ta zube a bakin ƙofar kewaye, zaninta ya jiƙe. Da aka gaya wa Zaharaddini sai ya ce, "Kun gani ko? Abin da likita yac ce ke nan." Ya aika aka sayo fo, aka kai mata ɗaki.

Wanda bai san Inna Baraka ba ba zai san abin da fon nan ya yi mata ba. Matar da ko a gaban kishiyoyin uwarta ba ta taɓa cin abinci ba, matar da ta haihu ita kaɗai a bayan ɗaki don kada a ji nishinta, yau ita ce surukarta ke ɗagawa ta ɗora, ta jira, ta sauke, ta fita da abin a rufe. Ranar farko ba ta iya haɗa ido da Zuhura ba har rana ta faɗi. Sai ta ɓullo da dabara irin ta wanda ba shi da mafita: ta rage shan ruwa, ta rage tuwo, in an kawo fura ta kurɓa sau ɗaya ta ture. Leɓunanta suka bushe. Aka ce tsufa ne ya hana ta cin abinci.

Zuhura ba muguwa ba ce, kuma ga ta da ciki. Tana ɗaga tsohuwa tana nishi, wani lokaci ta yi tsaki ba da niyya ba, sannan ta ce, "Yi haƙuri, Inna, bayana ne." Wata rana ta shigo ta tarar da Inna zaune a bakin katifa ta miƙe ƙafa ɗaya tana rawa a sama, tana salati a hankali, irin yadda Lailatu ta koya mata. Zuhura ta saki kwanon da ke hannunta.

"Inna, ki ruhwa min asiri! In ya shigo ya gani, ni za shi ci ma mutunci. In kuma kinka hwaɗi kinka karye, duniya cewa za ta yi ni na bar ki. Don Allah ki zauna yadda anka ce."

Inna ta ce, "Ji nike tana sandarewa, Zuhura. Kamar ba tawa ba."

Zuhura ta buɗe baki kamar za ta faɗi wani abu, ta rufe, ta tsugunna tana kwashe shinkafar da ta zube. Daga ranar Inna ba ta sake gwadawa ba, don kada ta ja wa yarinya faɗa.

Ta taɓa neman mafita wajen Taibatu. Zuhura ta kira mata ita a waya, Inna ta rufe baki da tafin hannu tana raɗa: a zo a maida ta wurin yarinyar nan ta asibiti, ko sau ɗaya, ta sake dubawa. Taibatu ta yi dariya daga can Maradun.

"Haba Inna! Ke dai ki gode ma Allah. Nan duk gidan bikin da na shiga sai an nuna min Yaya yana wanke miki ƙahwa, mata har kuka suke. Tsohi nawa aka bari da tallan kuka da kuɓewa? Ke an ce ki huta kina neman wahala. Kada ki sa a ce ba ki da godiya."

Inna ta ce, "Haka ne." Ta miƙa wayar.

Ruwan shuka ya sauka, ba ta koma Damri ba. Aka yi noman farko, aka yi maimai, gero ya fitar da kai. Maƙwabciyarta ta aiko cewa ɗakinta ya fara yoyo ta kusurwar gabas, Zaharaddini ya ce a bar shi, ai Inna ta gama zaman ƙauye. Cinyoyin da suka fara cika suka zube, fata ta saki. Gwiwoyin suka lanƙwashe yadda keken ya koya musu, ko a kwance ba sa miƙewa sosai. Salla ta koma a zaune, alwala sai an kawo ruwa an tara roba. Yini take yi tana kallon tsakar gida ta ƙofa, kuma ba abin da ke tsaye a tsakar gidan nan sai sandarta, rana ta dake ta, ruwa ya dake ta, kan da tafin hannunta ya goge ya yi sheƙi yanzu ya yi fari ya tsattsage. Duk Juma'a kuwa sai an wanke ƙafafun nan tas an shafe su da mai, su yi kyau a hoto.

Da kaka Zuhura ta sauka, aka samu 'ya mace. Zaharaddini ya sa aka raɗa mata Baraka, ya kuma tabbatar kowa ya ji dalili. Ranar suna gidan ya cika da mata tun azahar. Aka yi wa Inna wanka, aka ɗaura mata sabuwar atamfa, aka turo kekenta ƙarƙashin rumfa kusa da mai jego, mata na zuwa suna durƙusawa suna cewa ta yi dacen ɗa.

Cikin masu shigowa har da wata gajeriyar mata da ta rako yayar Zuhura. Ta gaida mai jego, ta juyo za ta gaida tsohuwa, sai ta tsaya da gaisuwar a baki.

"Inna? Ba ke ce ta Damri ba? Mai salati da ƙahwa sama?"

Inna ta ɗaga kai, ta gane Malama Lailatu.

Lailatu ta ajiye jakarta ta durƙusa. "Mi ya same ki? Hwaɗuwa kinka yi? Ko shanyewar jiki ce?"

"A'a, ɗiyata. Babban likitan Sakkwato ne yac ce kada in sake takawa. Wai in na taka sai an yanke."

"A yanke? Don wanga ciwo?" Lailatu ta dube ta, ta dubi keken. Muryarta ta sauka, amma matan da ke kusa sun riga sun yi shiru. "Inna, ni ban san likitan da za shi hwaɗi haka ba. Kuma na sha kiran Alhaji. Kullum ce min yake kina nan garau, har kasuwa kike zuwa. Kiran ƙarshe yac ce min kin koma Damri da ƙahwarki, in daina wahal da kaina. Wallahi har murna na yi miki."

Inna Baraka ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ta juya a hankali ta dubi Zuhura, wannan karon cikin ido. Mai jego ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan zanin goyo.

"Zuhura."

"Bai tai Sakkwato ba, Inna. Ranar yini yay yi shago."

"Kin sani."

"Na sani." Kuka ya ƙwace mata. "Cewa yay yi na ɗan lokaci ne, sai maganar mutane ta kwanta. Daga baya yac ce sai an yi zaɓen hidda gwani. Ya rantse in na hwaɗi a bakin aurena. Inna, ni ma ina ɗaukar ki ina kuka."

Lailatu ta ɗage atamfar kaɗan ta kama ƙafar dama, ta ja a hankali. Ƙafar ta tafi rabi ta tsaya, Inna ta cije leɓe. Ta taɓa cinyar, hannunta ya nutse har ƙashi. Dariyar nan tata ta saurin zuwa babu ita.

Inna ta ce, "Kin ce ba ki yi min ƙarya. Za ta tashi?"

"In anka dage, wani abu za shi dawo. Wataƙila ki tsaya, wataƙila ki kai kanki kewaye da mai riƙe ki. Amma yadda kinka shigo wurina ran nan, Inna..." Ta girgiza kai. "Da wuya."

Ana cikin haka aka yi sallama daga zaure, mata suka gyara mayafai. Zaharaddini ne cikin shadda fara ƙal, Mamuda na bayansa waya a sama. Ya zo ne don ya ɗauki jaririya ya ɗora wa Inna a cinya, a ɗauki hoton Baraka babba da Baraka ƙarama da ɗan albarkan da ya haɗa su. Ya karɓi jaririyar yana murmushi, ya taho, bai ma lura da Lailatu ba sai da ya zo dab. Murmushin ya tsaya masa a fuska.

"Zaharaddini."

Sunan ya fito daga bakin Inna da nauyi, a karkace, irin na bakin da bai taɓa faɗinsa ba. Tsakar gidan ta yi tsit. Wata tsohuwa daga dangin Damri ta dafe ƙirji, don ita ta san abin da ta ji. Shi kansa sai da ya waiga, kamar wani ake kira.

"Zaharaddini, wane likita ka gani Sakkwato?"

Ya miƙa wa wata mata jaririyar. Ya durƙusa. "Inna, ba nan ya kamata..."

"Nan kake wanke min ƙahwa gaban duniya. Nan za ka gaya min."

"Inna, wallahi don hutunki na yi. Kin sha wahala kanmu, ga rana, ga babura, in wani ya buge ki hwa? Kuma ba ki ji abin da mutane ka hwaɗi ba. Ni ɗanki ne, ina da hali, a ce uwata na jan ƙahwa a titi? Mi na rage ki da shi? Ci ko sha ko sutura?"

"Ɗauko min sandata."

Ya dubi inda take kallo. Ya tashi ya je ya zare sandar, igiyar ta saɓulo, kayan jaririya da aka shanya suka zube cikin ruwan wanke-wanke, ba wadda ta motsa ta ɗauka. Ya dawo ya durƙusa a gabanta ya miƙa mata da hannu biyu, kansa a ƙasa.

Ta karɓa. Ta shafa kan sandar da ya tsattsage. Ta sauke ƙafafunta daga matakin keken da hannu, ɗaya bayan ɗaya, ta kafa sandar a ƙasa, ta ce bismillahi, ta yunƙura. Jijiyoyin wuyanta suka tashi, hannunta na karkarwa, sandar na karkarwa. Jikinta ya ɗaga kamar faɗin tafin hannu, ya koma. Lailatu ta matso, Inna ta girgiza mata kai. Ta sake yunƙurawa, wannan karon ko ɗagawar ba ta samu ba. Ta zauna tana haki, sabuwar atamfar ta jiƙe da gumi, mata na share hawaye da bakin mayafi.

Da numfashinta ya dawo ta dube shi, ido cikin ido, abin da ba ta yi ba tun yana cikin zanin goyo.

"Da ƙahwata niz zo gidanka."

Abin da ta ce ke nan. Ta sa Lailatu ta tura ta ɗaki.

Kafin magariba bidiyo ya fita. Mamuda ya san aikinsa: ya yanke farko, ya yanke ƙarshe, ya cire murya ya ɗora addu'a a kai. Abin da ya rage shi ne Ɗan Albarka cikin farar shadda, durƙushe, kansa a ƙasa, yana miƙa wa mahaifiyarsa sanda da hannu biyu. Wannan ya fi duk na baya tafiya. Mutane suka yi ta rubuta "Allah ka ba mu 'ya'ya irinsa". Matan da suka ga abin da idonsu sun yi ƙus-ƙus na kwana biyu, sannan aka ce sha'anin gida ne, kuma tsoho in ya daɗe a kwance yakan rikice. Taibatu ta kira ta ce Inna ba ta kyauta ba da ta tozarta Yaya a gaban baƙi. Takarar ma ya samu.

Ku leƙa ɗakunan bayan gidajenmu, za ku same su: tsofaffin da aka hutar har suka daina tashi, aka karɓe musu buta da tsintsiya da hanyar masallaci, aka ce gata ne. Wanda ya bar uwarsa da yunwa kowa ya san sunan laifinsa. Wanda ya zaunar da ita don kada a gan ta tana ɗingishi kuwa, addu'a ake bin sa da ita.

Inna Baraka tana nan a ɗakin. Sandar na kwance a gefen katifarta, ba mai iya taɓa ta. Da safe in maigidan ya fita Zuhura takan ajiye goyo ta shigo ta kama ta ta hammata, tsohuwa ta ɗaga ƙafar da ba ta miƙewa tana salati, wani lokaci ta kai ƙarshen salatin, wani lokaci ƙafar ta riga ta faɗi. Fon dai yana nan a ƙarƙashin gado. Ran Juma'a in an kawo ruwan ɗumi takan ja zani ta rufe ƙafafunta ta juya wa ƙofa baya, har ruwan ya huce a fitar da shi.

Sunansa kuwa ba ta sake kamawa ba. Baƙi in sun lura sukan ce Allah sarki, mutanen da, har yanzu tana kunyar ɗan fari. Zuhura takan yi shiru, don ita ta san yanzu ba kunya ba ce.